Taransufon Gazali na Bakin Kasuwar Tasawa

Gazali mai gyaran rediyo wata takwas kacal ya yi yana koyon aiki a Maradi, amma da ya dawo Tasawa ya kafa rumfa a bakin kasuwa, sai wata takwas ɗin suka zama shekara uku a bakinsa. Shi da kansa yake faɗin haka yanzu da ya tsufa, yana dariya har da tari.

A shekarar farin nan ta tamanin da huɗu, zamanin soja, aiki ya tsaya masa. Wanda bai da hatsi ba ya gyaran rediyo. Shi kuwa Wada, tsoho mai shelar gari, aiki ne ya yi masa yawa: yau sanarwar rabon dawar agaji, gobe taron hukuma, har muryarsa ta dishe. Gazali ya tare shi wata safiya.

"Baba Wada, ka huta. Ni zan haɗa maka ampili, na'urar ƙara murya, ka yi raɗa a ji ka har garin Mayahi."

Ya haɗa akwatin da katakon sabulu, ya samo lasifika. Saura taransufo, abin da ke rage ƙarfin wutar gari ya ba na'ura daidai cikinta. Ampilin nasa wuta mai ƙarfin bolt goma sha takwas yake so, wanda ya ciro daga wata matacciyar talabijin kuwa ya fi haka nesa. Sai ya zare ƙarafunansa ɗaya bayan ɗaya, ya warware wayar waje, ya yi lissafi da tsinke a ƙasa: zagaye biyar kowane bolt, ke nan zagaye casa'in. Lissafin nan daidai yake, kuma har yau yana son a san da haka.

Matsalar ita ce a bakin hanya ya zauna naɗin. Yana talatin da bakwai sai ga mutanen Kanan-Bakashe za su kudu neman abinci, aka gaisa, aka tambayi gida da dabbobin da suka rage. Ya koma kan waya, ya rasa ko talatin ne ko arba'in. Ya kama daga talatin. Liman ya wuce, aka sake gaisawa. Duk sa'ad da ya yi shakka sai ya koma baya, a ganinsa gara a ƙara da a rage, kamar mudun baƙo. Ma'aunin wuta yana rataye a rumfar, bai ko dube shi ba.

Ranar kasuwa ya tara mutane. Wada ya gyara rawani, ya riƙe abin magana. Gazali ya jona wuta. Akwatin ya yi wani gurnani, sannan wani ɗan gwangwani a cikinsa ya fashe da ƙara irin ta bindiga. A lokacin ba a wasa da irin wannan ƙara. Masu tallan goro suka watse, wani ya bar takalminsa. Da hayaƙi ya lafa, Wada na tsaye inda yake, tarkacen takarda a gemunsa, mai ampili kuwa yana ƙarƙashin tebur.

"Gazali," in ji Wada cikin disasshiyar murya, "an ji mu Mayahi kuwa?"

Ya kai taransufon gida a cikin riga. Matarsa Maryamu, wadda tun tana yarinya take kaɗin auduga, ta karɓa ta juya shi.

"Maigida, wa ya yi wannan naɗi? Kamar akuya ta shiga zare."

"Aikin ilimi ne, ba kaɗi ba."

"To, nawa ilimin ya ce?"

Ya ce casa'in. Ta warware tana ƙirgawa a fili, shi yana kallon bango. Ɗari da sittin da uku. Ta kwashi taransufon da wayar. Ta shiga ɗaki ta saki labule, maƙwabciya ta yi sallama sau uku ba ta amsa ba. Kafin la'asar ta fito da shi, waya kwance jere da juna, da takardar buhun siminti tsakanin kowane layi kamar yadda ya kwatanta mata. Wannan karon ya auna. Goma sha takwas cif.

Ampilin ya tashi, sai dai yana jone da wutar rumfa, ba ya zagaya gari. Dole Wada ya riƙa zuwa ya tsaya nan. Motar dawa ta yi kwana tara ba ta iso ba, saboda haka sanarwar farko da aka yi da shi ta wani jaki ce da ya ɓata, wanda aka samu a bayan rumfar yana cin kwali. Amma ranar da motar ta iso, har matan da ke bakin rijiya suka ji, suka zo da ƙorensu kafin layi ya yi tsawo.

Daga baya masallatai huɗu suka yi odar irinsa, har daga Gidan Amumune. Gazali yakan karɓi aikin da fuskar gwaninta, ya ce taransufo sai an kai shi gida ya kwana biyu ya huce. Maryamu ta sayi tumaki biyu da rabonta a shekarar da ruwa ya dawo.