Ruwan Ranar Lahadi

Shekarar da aka sami 'yancin kai aka haifi yayana, shi ya sa har ya yi furfura yana cewa shi da ƙasar nan tagwaye ne, kuma dukansu ba sa jin magana. Mahaifinmu masunci ne a Argungu. Mun taso muna ganin yadda yake jera kayansa a zaure, homar kamun kifi a nan, gora a can, kowanne da wurinsa, amma bai taɓa gaya wa kowa dalili ba. In ka tambaya sai ya ce ka buɗe idonka. Yaya ya tafi ya karanci kwamfuta, ya dawo Birnin Kebbi da wannan halin kamar an zuba masa.

Shi ya rubuta wa wata ƙungiyar manoman shinkafa a fadamar Zauro manhajar da ke raba musu ruwan rani. Injin ban ruwa ɗaya suke da shi, gonaki kuwa da yawa, dole a san wa za a sakar wa ruwa yau da safe, wa sai gobe. A cikin rubutun ya yi wa kowane abu gidansa, wanda masu aikin ke kira kilas: gona da nata, manomi da nasa, inji da nasa. A kowane gida kuma akwai ayyukan da abin ke yi, su ne metod. Tsari kam ya tsaru. Bayani ne babu ko layi ɗaya, duk yana cikin kansa.

Ni malamar lissafi ce, shi ya koya mini aikin da faɗa da dariya. Da na ce ya riƙa rubuta bayani a saman kowane kilas, sai ya ce, "Auta, mai shi na nan da rai, mi za a rubuta?"

Sai ciwon ido ya kama shi, irin mai cin gani daga gefe-gefe. Da farko ya ƙara girman haruffa, daga baya ya koma manna fuska da gilashin kwamfutar, har ranar da ya tashi ya tura mini kujerar aikinsa. Ƙungiyar ta ɗauko wasu masu aikin kwamfuta daga nesa su karɓi manhajar su sabunta ta. Sun faɗa da gaskiya: duk abin da suka tarar babu bayani, kuma ba su ga amfaninsa ba, za su cire.

Haka muka fara zama a gidansa na Gesse bayan na tashi daga makaranta. Ina karanta masa rubutunsa da baki, yana kishingiɗe yana faɗin abin da zan sa a sama. Mun sha rigima. Na rubuta cewa wani metod yana lissafa tsawon lokacin ban ruwa, ya ce in goge.

"Wanga ko makaho kamata ya san shi. Rubuta mi yas sa aka yi shi haka nan."

Na ji zafin kalmar makahon da ya kira kansa, amma na haɗiye, na goge.

Wata rana muka iso wani ɗan metod a cikin kilas ɗin gona. Babu suna mai ma'ana, lambar gona ɗaya ce kawai da lambar rana. In layin ruwa ya faɗo kan gonar da safiyar wannan ranar, sai ya ɗage shi zuwa bayan azahar. Na ce wannan dai shi za su fara sharewa. Yaya ya tashi zaune.

Gonar maƙwabciyarsa ce, wata mata 'yar Filato da mijinta ya rasu ya bar mata ita da yara. Ranar kuwa Lahadi. Shekarun baya ya taɓa ganinta a fadama da kayan coci, ta tattare zane tana gudu a kan kunya don ta buɗe bakin gonarta, ruwa kuwa ya riga ya wuce gaba. Wanda layinsa ya wuce sai wani zagayen, shinkafa kuma ba ta jira. Ba ta kai kuka wurin kowa ba. Shi ma bai gaya mata ba, ya dawo gida ya ƙara waɗannan layukan.

"To mi zan rubuta, Yaya?"

Mutumin da bai taɓa bayyana dalilinsa ba, ga shi dole ta kama. Can ya ce, "Rubuta: mai gonar ga tana wurin ibada da sahe. A jira ta."

Na rubuta kamar yadda ya faɗa. A ranar na gane ba manhajar yake tsoron rasawa ba, wannan jiran ne. Ban taɓa son yayana kamar wannan yammacin ba.

Muka gama, aka karɓi aikin, aka sabunta. Ba mu san me suka bari me suka cire ba. Lahadin farko da layi ya faɗo kan gonar, ya ce in kai shi Zauro. Muka hau keke napep tun da hantsi, na riƙe hannunsa har bakin gonar, na zaunar da shi kan kunya. A lokacin ko hasken rana da ƙyar yake bambancewa. Inji na ta ruri, ruwa na tafiya wasu gonaki, hanyar ruwan da ke gabanmu a bushe. Kowane ɗan lokaci sai ya miƙa hannu ya taɓa ƙasar.

Bayan azahar matar ta iso a hankali, ta canza kaya, fartanya a kafaɗa. Ta yi mamakin ganinmu.

"Baba, lafiya kuka fito cikin ranar nan?"

"Lahiya lau, Mama. Iska muka zo sha."

Ta sare bakin gonar ta tsaya. Ba a jima ba ruwan ya gangaro, ja, yana tura ciyayi a gabansa. Hannun Yaya na cikin hanyar lokacin da ya iso. Ya bar shi a ciki, ruwan na bi ta tsakanin yatsunsa.

"Auta," ya ce a hankali, "sun karanta."