Takardun Baba Sun Koma Landan

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da yayata, ina rungume da wani ƙaramin akwati da na ƙi yarda a haɗa shi da sauran kaya. Takardun Baba ne a ciki. Malamin tarihi ne a jami'a. Zamanin soja aka kawo musu takardar goyon bayan shugaba ya dawwama kan mulki, ya ƙi sa hannu, aka tsare shi shekara uku. A can ya rubuta waɗannan a bayan takardar buhun siminti, da hannun hagu, don sun karya masa na dama. Bayan rasuwarsa mun kai wa jami'arsa, suka ce ba su da wurin ajiya. Sai wani ɗakin adana takardu a Landan ya ce mu kawo.

Landan ta tarbe mu da yayyafi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa cike maƙil, kowa ya kafe ido a waya kamar an hana gaisuwa. Shayin fam uku kuwa, ruwan zafi ne da ɗan kala.

A unguwar Bloomsbury wata Baturiya mai kula da ɗakin adana takardu ta karɓe mu. Sai da ta wanke hannu kafin ta taɓa shafin farko. Ba ta jin Hausa, amma ta fi mutanen Baba sanin darajarsa.

Da yamma wani tsohon abokin aikin Baba ya kai mu cin shinkafar 'yan Bangaladash a unguwar Whitechapel. Shi kam ya sa hannu a takardar nan ta soja a lokacin, ga shi yau da gida a nan. Yana tauna ya ce, "Allah ya jiƙan mahaifinku, amma taurin kai ya yi. Sa hannu kawai fa!"

Yayata ta taka min ƙafa. Ban fasa ba. Na ce, "Malam, ranar da aka tafi da Baba kuna ofishi ɗaya. Ko sau ɗaya kun leƙo Ummanmu?"

Ya ajiye cokali, ya ce a kawo ruwa.

Mun dawo gida ranar Juma'a, muka ba Umma labari, ta tashi ta shige ɗaki. Ni dai abin da na koyo, sojoji suka ɗaure Baba, amma abokan aikinsa masu digiri ne suka nuna musu ƙofarsa, kuma har yau ba su ji kunya ba.