Wayar da Ɗanlarai Ya Gutsure

Mahaifina Mijinyawa mai gyaran rediyo ne a Ƙofar Dumi, tun zamanin da ba a san wayar hannu ba. Yana da na'urar magana da na nesa ta iska, da lasisinta, kuma kullum bayan sallar asuba sai ya kira amininsa Benedict, wanda ya daɗe yana sayar da kayan lantarki a Bauchi kafin ciwo ya mayar da shi kudu. A zangon rediyo na mita arba'in suke haɗuwa. Baba ya sha gaya mana cewa kowane zango da tsawon eriyarsa, in ka rage taku biyu ka sauka daga layi. Tasa eriyar doguwar waya ce, daga soronmu ta ratsa gidan maƙwabcinmu Ɗanlarai har bishiyar darbejiya.

Ɗanlarai kuwa irin mutanen nan ne da abin wani banza ne a wurinsu. Ƙyauren garken awakinsa ya ɓalle, sai ya hau katanga ya gutsure wayar, ya ƙulla sauran da igiya. Idon Baba ya riga ya yi rauni, bai ga komai ba.

Gajeriyar eriya tana iya kamo murya, amma ba ta kai taka nesa. Sai ya zama Baba yana jin Benedict sarai, shi kuwa ba ya jin Baba. Ina shara a tsakar gida ina jin muryar Benedict: "Mijinyawa, ɗan'uwana, kana nan? Ko na yi maka laifi ne?" Baba yana amsawa har muryarsa ta dushe. Ya kwance na'urar ya ɗaura ba adadi, yana zargin hannunsa da tsufa. Wannan ne abin da har yau yake ƙona mini rai.

Ranar da na hau soro shanya na ga ƙullin igiyar, na tafi gidan Ɗanlarai ko mayafi ban gyara ba. Ko kunya bai ji ba.

"Haba Saudatu, ai waya waya ce. Ɗan guntu na ɗiba."

An sake ɗaura sabuwa, amma Benedict ya riga ya daina zuwa zangon. Maganarsa ta ƙarshe da muka ji ita ce, "To Mijinyawa, in na ɓata maka, ka yafe mini."

Baba bai fasa kira ba duk safiya har ya bar duniya. Guntun wayar yana nan a ƙyauren awakin Ɗanlarai, ya yi tsatsa.