Mai Shela da Farantin Gyaɗa

Duk Unguwar Gai babu wanda bai san muryar Munzali mai shela ba. Mutum ne ɗan firit kamar tsinken tsire, amma in ya buɗe maƙogwaro har kaji sai sun watse. Shekara ashirin yana yi wa dagaci shela. Rigakafi ne, rabon taki ne, ɓatan akuya ne, duk a bakinsa ake ji. Gonarsa ba ta kai ta kawo ba, don haka shi da matarsa Lubabatu suka ɓullo da dabara. Duk inda ya tsaya aka taru, sai 'yarsu Bushra, mai shekara tara, ta kutsa da farantin dafaffiyar gyaɗa. Uba na shela, 'ya na ciniki, kowa ya saba.

Ran nan dagaci ya kira shi ya ce jiha ta yi doka, karatun yara kyauta ne kuma dole, uban da ya hana ɗansa makaranta zai gamu da hukuma. Kai, Munzali kamar ya taka rawa! An gaji da cigiyar akuya, yau ga maganar majalisa a bakinsa. Ya zura rigar Sallah, ya karya hula, ya fita yana taku ɗai-ɗai. Bushra ta bi shi da farantinta kamar kullum.

A bakin masallaci ya zuba shela har da ƙarin gishirinsa, wai uban da ya bar 'yarsa tana talla da hantsi ragon maza ne. Yana rufe baki sai ga 'yar murya daga bayansa: "A sayi gyaɗa!"

Me za a yi in ba dariya ba. Tsoho Hammadu mai shanu har da faɗowa daga benci. Munzali ya dubi 'yarsa, ya dubi jama'a, shi ma ya tuntsire, amma kunya ta gama rufe shi, don ya san gaskiya ya faɗa. A hanyar gida Bushra ta tambaye shi a hankali ko dokar har da 'ya'yan masu shela. Ashe ta daɗe tana leƙen 'yan aji ta taga, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Suna isa gida Munzali ya ce Bushra za ta shiga makaranta. Lubabatu ta ce to gyaɗar fa, wa zai kai? Ya ce ai kansa ba ya ɗauke da komai sai hula.

Ranar Litinin ya raka Bushra har ƙofar firamare, faranti a kansa, yana washe baki kamar wanda aka yi wa naɗi. Ta gyara masa gammo ta ce, "Baba, kada ka riƙa cika gwangwanin da yawa." Ta ruga ciki, ko waiwaye babu.

Ranar akwai shelar taki. Wuri biyar ya tsaya, kuma a kowane wuri in ya gama sai ya ɗan dakata, ya waiwaya, sannan ya tuna yau shi ne zai ce a sayi gyaɗa.