Wuyan Hadiza

Jiya jikata ta yi zazzaɓi, na tsinci hannuna a ƙeyarta ina sunkuyar da kan don duba sanƙarau, yadda Gwaggo take yi da hannunta mai warin daddawa.

Wata bazara ta gwada ɗiyata Hadiza haka, ta iske ni ina dara.

"Ɗan nan, wuyanta ya sandare. Kama jaki, sai likitan Maraɗi."

"Gwaggo, bari rana ta yi sanyi. Yau ni ke ci."

Ni da ban taɓa cin kowa ba! Sai la'asar muka tashi. Kusa da ƙauyen Safo Gwaggo ta sauke goyon, ta rufe wa yarinyar fuska, ta ce in juya jakin.

Har Gwaggo ta rasu ba ta goranta mini ba. Allah Ya sanyaya kabarinta, Ya haɗa ta da Hadiza.