Kwatar da Ta Ratsa Gidan Baba Idi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan, ina shirin fita aiki a Birnin Kebbi, aka bugo mini waya daga Bagudo cewa maƙwabcinmu Baba Idi Faransa ya rasu bayan sallar asuba.

Zan faɗi gaskiya ko da za ku zarge ni. Bayan na yi salati, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne ruwa.

Ga dalili.

A shekarar da aka samu mulkin kai, mahaifina, tela ɗan ƙauyen Geza, ya sayar da gonarsa ya sayi gida a Bagudo, a unguwar 'yan dako da maƙera. Ya ƙwanƙwasa azara, ya leƙa rijiya, ya yaba kaurin bango. Abu ɗaya bai lura da shi ba: da rani ya saya.

Ruwan sama na farko da ya sauka, duk ruwan unguwa ya taru a tsakar gidan kamar an raba masa goron gayyata. Ashe a kwari gidan yake. Inna, tana amarya a lokacin, ta haye gado da kwanukanta. Mahaifina ya rungume kan keken ɗinki, ruwa har gwiwa. Wanda ya sayar masa ya riga ya tsallaka Dahomey, ga shi babu gonar da zai koma wa a Geza.

Baba Idi matashi ne sannan, mai gyaran keke. Daga ƙetaren iyaka ya zo, shi ya sa ake ce masa Faransa, ko da yake Faransancinsa bai wuce gaisuwa da zagi biyu ba. Ya leƙo ta kan katanga ya ce:

"Tela, gida kas saya ko tabki? In kihi ya shigo, rabi nawa na."

Mahaifina bai yi dariya ba. Baba Idi ya sauka, ya ɗauko diga, ya fasa gindin katangarsa da hannunsa. Ya haƙa kwata ta ratsa tsakar gidansa, ta gaban madafi, har ta ɓulla waje. Kafin la'asar ƙasa ta bayyana a gidanmu.

Ba takarda, ba shaida. Ko mai unguwa ba a gaya wa ba.

Ni sai bayan shekaru aka haife ni, na tashi ina zaton kowane gida yana da kwatar maƙwabta a tsakiyarsa. Matar Baba Idi, marigayiya Iya Hajo, ita ce ba ta taɓa yafewa gaba ɗaya ba. Takan ɗaga murya ta ce, "Gidan tela, yau kuma mi kunka wanke haka?" Da yamma kuma ta miƙo mana tuwo ta kan katangar.

Ranar da na kai masa motata ta farko ya sa albarka, zagaya ta ya yi ya ce, "Ƙafa huɗu, faci huɗu. Allah shi ba ka haƙuri."

Haɗuwarmu ta ƙarshe da Babbar Sallah ce. Na same shi a zaure, na ce Baba, sama da shekara sittin kuna tsallake ruwanmu, bari in sa bututu a binne shi ku huta.

Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗan boko, in ka rufe, ta ina zan san uwarka ta tashi? Da safe in nag ga ruwan alwala ya wuce, na san gidan tela lafiya. Ran da ya makara, sai in aika a dubo ta."

Na sha furar da aka kawo mini.

To kun ji abin da ya sa ruwa ya faɗo mini. Gida zai shiga rabon gado, magada da yawa, wasu ko unguwar ba su sani ba. Inna ta haura tamanin, ta ce ba inda za ta. Damina kuma saura kaɗan. Duk wanda rabonsa ya faɗa kan kwatar yana da ikon toshe ta, ba mu da abin nunawa.

Na kira babban ɗansa, Sani, na yi masa ta'aziyya. Kunya ta hana ni tambaya. Har zan kashe waya sai ya ce:

"Yaya, makon jiya Baba ya tara mu. Ya ce a raba ɗakuna, a raba fili, amma taki biyun da kwata ta bi ba nashi ba ne, balle mu gada. Ya ce tun shekarar mulkin kai ya ba ruwa."



"Ka taho dai," in ji Sani. "Bayan azahar za a kai shi. In ka shigo ka duba ƙasa, ka san gidan."

Ina kan hanya yanzu.

Ya Allah, bawanka Idi ya buɗe mana hanya ta tsakar gidansa lokacin da muka rasa mafita. Ka buɗe masa ƙofofin rahamarka, ka yalwata kabarinsa, ka haɗa shi da Iya Hajo da mahaifina a Aljanna, maƙwabta kamar da.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi wa Baba Idi addu'a kafin ya wuce.