Risikat Mai Yanka Intanet

A Fagge aka haifi Risikat. Iyayenta Yarabawa ne, amma in tana magana sai ka rantse Bakanuwa ce gaba da baya. Ta daɗe tana buga wa mutane takardu da tafireta a bakin shataletalen Bata. Da farar hula suka karɓi mulki, kowa na maganar intanet, sai ta sayar da filin da ta gada, ta sayo tsofaffin kwamfutoci, ta buɗe shagon intanet a Sabon Gari.

Awa-awa take sayarwa kamar kowa, kuma shagon ya ƙi cika. 'Yan kasuwa kan leƙo, su ji kuɗin awa, su juya.

Wata rana Alhaji Hambali, mai shadda a Kantin Kwari, ya shigo da sauri.

"Hajiya, saƙo ɗaya zan aika wa mai turo mini kaya daga Dubai. Me zan yi da awa guda? Shago na bari ba kowa."

"Haka farashin yake, Alhaji."

"To ki yanko mini mana. Ni ma wanda ba zai iya sayen bandir ba, yadi nake yanka masa."

Risikat ta yi dariya, ta ba shi minti goma. Washegari ta kafa allo a ƙofa: ana sayar da minti goma, kuɗinsa bai wuce na kwalbar lemo ba.

Kafin sati ya zagayo layi ya kai bakin titi. Ebere mai kayan gyaran babur sau uku yake zuwa a yini duba farashi. Wanda ya ce minti goma kawai zai yi, sai ka ji ya ce a ƙaro. Mijinta Sikiru, wanda ya yi ritaya daga tashar jirgin ƙasa, ya dawo riƙe agogo, yana kiran lokaci kamar jirgi zai tashi.

Sai dai bayan azahar kowa ke zuwa, layin intanet ya yi nauyi, a yi ta cacar baki. Risikat ta rage kuɗin safiya zuwa rabi. Nan da nan safiya ta zama ta mata da dattawa, waɗanda ba su taɓa kama linzamin kwamfuta ba.

Cikinsu har da Inna Falmata, wadda ɗanta da ke karatu a Masar ya turo hoton jaririn da aka haifa masa. Hoton ya riƙa buɗewa a hankali daga sama: gashi, goshi, idanu. Yana kaiwa hanci Sikiru ya ce lokaci ya cika.

"Bar ta, Baban Fareedah," Risikat ta ce wa mijinta. "Mu ma muna son ganin bakin."

Duk shagon aka taso aka kewaye Inna. Da haɓa ta fito, tsohuwar ta shafa gilashin ta ce kakansa sak, mata suka ɗauki guɗa har masu wucewa suka tsaya. A shekarar Risikat ta kama shagon da ke maƙwabtaka da nata, ta fasa bango ta haɗe su.